Yadda ake saita jirgin rimot mai alkafura har ya riƙa bin layi: abin da na koya a filayen Bauchi

Assalamu alaikum 'yan uwa masu sha'awar jirgin rimot. Duk Asabar ɗin da muka fita fili bayan sallar Asuba tambaya ɗaya ce take ta dawowa, wai me ya sa nawa jirgin in na ja shi alkafura sai ya karkace gefe guda, in na mirgina shi kuma hancinsa ya dinga lilo, amma na wane yana tafiya kamar an ja layi da rula? Yawanci mutum sai ya ɗora laifin kan yatsunsa ya ce ai hannuna ne bai faɗa ba tukuna. To gaskiya sau da yawa ba hannu ba ne, jirgin ne ba a saita shi ba, kana ta kokawa da shi a sama kana gyara abin da ya kamata ka gyara tun a ƙasa da sukundireba. Shi ya sa na zauna na rubuta wannan, kuma don Allah a bi shi yadda na jera shi, saboda kowane saiti yana kan wanda ya gabace shi ne, in ka tsallake ɗaya sai ka dawo baya ka sake komai.

Kafin komai, maganar fili da hukuma

Wannan ba wasa ba ne a halin da ƙasa take ciki. Duk abin da ke tashi sama babu matuƙi a ciki NCAA, hukumar kula da sufurin jiragen sama, ce ke kula da shi a Najeriya, kuma ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro yana da hannu a maganar izini, don haka ka nemi sanin ƙa'ida kafin ka sayi kaya. Kada ka kuskura ka tashi jirgi kusa da filin jirgin sama na Sir Abubakar Tafawa Balewa da ke Durum, ko barikin Shadawanka, ko sansanin sojan sama, ko gidan gwamnati. Mu abin da muke yi, duk filin da za mu fara zuwa sai mun je mun gaida mai unguwa mun nuna masa jirgin a hannu ya ga fom ne da batir, babu kyamara, sannan mu sanar da jami'an tsaron wurin. Fili ya zama babu wayar Nepa, babu ƙarfen sabis kusa, rana kuma ta zama a bayanka. Yara za su taru, wannan dole ne, to ka samu babba ɗaya ya tsayar da su bayanka, farfela mai juyawa tana yanka yatsa kamar reza wallahi.

Kayan da ya dace

In ba ka taɓa tashi da saukar da jirgi mai fiffike a sama ba, irin na koyo, to kada ka fara da mai alkafura, ba zai kai minti ɗaya ba. Ka sauke manhajar koyon tuƙin jirgi, PicaSim a waya ko RealFlight a kwamfuta, ka haɗa rimot ɗinka ka yi ta faɗuwa a can ba tare da asarar jirgi ba. Wanda ya wuce nan, ni shawarata jirgin fom na EPP mai faɗin fiffike kamar mita 1 zuwa 1.2, samfurin Extra 300 ko Yak 54 ko Edge 540, saboda EPP yana lanƙwasa ya dawo, in ya yage ka manne da gam ka ci gaba, shi kuwa na katakon balsa yana da daɗin tashi amma faɗuwa ɗaya sai shara, ga wahalar samo kayan gyara daga waje. Fiffiken mai alkafura samansa da ƙasansa iri ɗaya ne wajen kumburi, shi ya sa ko a rigingine yake yana ɗaukar iska daidai.

Injin lantarki irin wanda ake kira burashles, ESC (na'urar da ke sarrafa wutar da ke shiga injin) da ya fi abin da injin ke ja da kamar kashi 20 zuwa 30 cikin ɗari, batir LiPo 3S (wato mai gida uku) 2200mAh, sarbo (ƙananan injinan da ke motsa faifan fiffike da wutsiya) guda 4 masu haƙoran ƙarfe, biyu a fiffike kowanne da layinsa a risiba, wato na'urar da ke karɓar saƙon rimot a cikin jirgi. Rimot ko FlySky FS-i6 ya isa a fara, amma in da hali RadioMaster mai EdgeTX ya fi ba ka damar haɗa miks da yawa, wato ka sa motsin sanda ɗaya ya ja wani faifan tare da shi, kuma za ka ga amfanin miks a gaba. Mu nan Mode 2 muke, sandar hagu totur da roda, sandar dama elaron da elabeta. Elaron su ne faifan da ke motsi a bayan fiffike masu mirgina jirgi, elabeta na wutsiya mai kwance mai ɗaga hanci ko dunƙufar da shi, roda kuma na wutsiya mai tsaye mai juya hanci dama ko hagu.

Wani abu da masu kallon bidiyon Turawa ba sa lura da shi: Bauchi tana kan tudu kusan mita 600 sama da teku, in ka haɗa da zafin Maris da Afrilu iska tana yin sako-sako, farfela ba ta samun abin kamawa sosai, fiffike ma haka. Jirgin da ke hawa tsaye da sanyin safiyar Janairu za ka ga yana nishi da azahar ɗin Afrilu. Ka ɗaure wutsiyar da igiya a jikin sikelin rataye irin na masu nama, ka ba da totur duka ka ga kilo nawa yake ja. In jirgin kilo 1 ne yana jan kilo 1.5 to kana da ƙarfin hawa tsaye babu damuwa, in bai kai nauyinsa ba to manta da hawa tsaye. Bayan tashi ka taɓa injin, in ba za ka iya barin yatsa a kai na daƙiƙa 5 ba farfelar ta yi masa girma, rage ta.

Saitin kan tebur

Cire farfela tukuna. Na ce cire farfela, kada ka ce ai ba zan taɓa totur ba, gwiwar hannu ma tana taɓawa. Buɗe sabon model a rimot, duk tirim (ƙananan maɓallan gyaran karkata da ke gefen sanduna) a tsakiya, kunna rimot kafin batir. Kowane hannun sarbo ka cire ka mayar da shi ya tsaya a kusurwa 90 da sandar turawa, ɗan abin da ya rage ka cike da sab-tirim, wato saitin tsakiyar sarbo da ke cikin rimot, sannan ka murɗa kan sandar har faifan ya yi daidai da jikin fiffike. Gyaran hannu ya fi gyaran rimot, in ka cika sab-tirim sai sarbo ya fi tafiya gefe ɗaya fiye da ɗayan.

Sai ka tsaya a bayan jirgin kamar kai ne a ciki. Sandar dama zuwa dama, elaron na dama ya ɗaga na hagu ya sauka. Ja sanda zuwa cikinka, elabeta ya ɗaga. Roda dama, ya kaɗa dama. Wannan gwajin kowane tashi ake yin sa ba ranar farko kaɗai ba, na taɓa gani da idona wani ɗan uwanmu ya canza risiba da daddare bai duba ba, da safe jirgi na barin ƙasa ya karkata hagu, ya gyara dama jirgi ya ƙara hagu, ya kife nan take, wata huɗu yana tara kuɗinsa. Ka kama kowane faifai ka girgiza, in yana wasa ba tare da sarbo ya motsa ba to akwai sako-sako, gyara shi, don shi ke kawo karkarwa in jirgi ya yi gudu har faifan ya tsinke. Ratar da ke tsakanin faifai da fiffike ka rufe da salatif ta ƙasa. In elabeta ɗinka gida biyu ne ka manna tsinken tsintsiya a kowanne ka ga ko suna tashi tare suna sauka tare, bambancin milimita 2 ma ya isa ya karkatar da alkafura.

Yawan motsi: ka yi mataki biyu a makunni. Ƙaramin mataki elabeta digiri 10 zuwa 15, elaron 15 zuwa 20, roda 25 zuwa 30, eksfo kamar kashi 30. Babban mataki na wasan 3D, irin su rataye jirgi a farfela yana tsaye a sama, shi ne digiri 40 zuwa 45 da eksfo 50 zuwa 60, amma ka bar shi a rufe yanzu. Eksfo shi ne ke tausasa tsakiyar sanda yadda ɗan rawar yatsa ba za ta fito a jirgi ba. A kula, a Futaba lambar debewa ce ke tausasawa, a Spektrum da EdgeTX ta ƙari ce, don haka ka kalli zanen layin a sikirin, tsakiyarsa ya kwanta. Sai felsef, wato abin da jirgi zai yi in saƙon rimot ya yanke, ka kashe rimot ka tabbatar injin ya tsaya. Ka yi gwajin nisa kamar taku 30 rimot na yanayin rage ƙarfin saƙo. In injin yana juyawa baya ka musanya kowane waya biyu cikin ukun. Farfela rubutunta ya kalli gaba, kuma ka auna ta a kan tsinke, ɓangaren da ya fi sauƙi ka liƙa masa ɗan salatif har ta tsaya a kwance.

Wurin daidaiton nauyi, nan ne maganar take

In da zan zaɓi abu ɗaya in ce shi ne rabin aikin to CG ne, wato inda jirgi yake tsayawa daidai in ka ɗora shi kan yatsu biyu. Takardar jirgin tana faɗa, in babu ka auna faɗin fiffike daga gaba zuwa baya ka ɗauki kashi 25 zuwa 30 daga bakin gaba. Misali faɗi santimita 24, CG zai faɗa tsakanin santimita 6 da 7.2. In fiffiken mai tsukewa ne zuwa ƙarshe to matsakaicin faɗi ake ɗauka ba na gindi ba. Ka sa alama da biro a ƙasan fiffike, ka sa batir, ka ɗaga. Tashin farko ka bar hanci ya ɗan fi nauyi. Jirgi mai nauyin hanci zai yi maka taurin kai ya sauka da gudu amma zai dawo gida, mai nauyin wutsiya kuwa elabeta zai yi masa kaifi ya dinga ɗaga kai yana faɗuwa da fiffike, kafin ka gane me ke faruwa yana ƙasa.

Ni kaina da wannan na rasa jirgina na biyu kuma har yau yana min ciwo. Na manne abin riƙe batir da gam ɗin kyandir, na bar jirgin cikin mota a rana muna jiran iska ta lafa, gam ya yi laushi ban sani ba, ina jan shi sama tsaye batir ya zame baya, shi kenan jirgi ya daina jin magana. Tun daga ranar batir sai da maɗauri mai mannewa irin na takalmin yara a ƙasa, da wani ya zagaye shi ta sama, kuma na ja layi da maka a inda bakinsa yake tsayawa.

Yanzu a sama. Ka zaɓi safiya, daga fitowar rana zuwa ƙarfe 9 kafin ƙasa ta ɗau zafi iska ta fara tashi, ba a saita jirgi a cikin iska don ba za ka san ko jirgin ne ko iskar ba. Ka hau sama sosai, tsayin da in ka yi kuskure za ka gyara, ka sake wani ka sake gyarawa. Totur rabi zuwa kashi 60, ka yi tirim har ya tafi a miƙe in ka saki sanda. Sannan ka ba da totur, ka hau a kusurwa 45, ka mirgina shi rigingine, ka saki elabeta ka kalla. In hanci ya faɗo ƙasa da sauri, hanci ya yi nauyi, matsar da batir baya. In ya ci gaba da layinsa sannan a hankali ya fara sunkuyowa, nan ake so. In kuwa ya ƙara hawa sama da kansa to wutsiya ta yi nauyi, sauka ka matsar da batir gaba kafin ka yi wani abu. Milimita 3 zuwa 5 ake matsarwa a lokaci guda, kuma duk matsarwa sai ka sake tirim ɗin elabeta. Wannan kaɗai zai iya cin batir 5 ko 6, ka ba shi, kada ka yi gaggawa. Ka riƙe ɗan littafi a aljihu kana rubuta me ka canza me ka gani, kuma abu ɗaya tak ake canzawa kafin kowane tashi, in ka canza uku ya gyaru ko ya lalace ba ka san wanne ne ya yi ba.

Bayan tsawo sai gefe da gefe. Mutum biyu, ɗaya ya riƙe bakin injin ɗaya ya tallafi ƙasan wutsiya da yatsa, ku ɗaga. Fiffiken da ke sauka kullum ya fi nauyi, ka soka ƙaramar ƙusa a ƙarshen ɗayan. A sama za ka tabbatar: ka gangaro tsaye babu totur ka ja elabeta da ɗan ƙarfi, in kullum fiffike ɗaya ne ke faɗuwa to shi ne.

Inda injin yake kallo

Farfela tana murɗa iska ta zagaya jiki ta bugi wutsiya ta hagu, shi ya sa jirgi ke son karkata hagu in an ba shi wuta. Maganinsa injin ya ɗan kalli dama, yawanci digiri 2 zuwa 3. Gwaji: ka fuskanci iska, fiffike a kwance daidai, ka ja shi tsaye da totur duka ka saki roda. In ya fara zamewa hagu yana hawa, ka sa washa ɗaya a bayan sukurorin hagu na mazaunin injin, hagu in kana tsaye a bayan jirgi, hakan zai tura hancin injin dama. In ya zame dama ka rage. Ka maimaita sau uku ko huɗu kafin ka yanke hukunci, don sau da yawa fiffike ne bai kwanta daidai ba lokacin da ka ja.

Na sama da ƙasa kuma: tafi a miƙe da gudu sai ka yanke totur gaba ɗaya. Ya ci gaba a miƙe ɗan lokaci sannan ya fara sauka, lafiya lau. Ya dunƙufa nan take, injin yana buƙatar ƙara kallon ƙasa, washa a sukurorin sama. Ya ɗaga kai, kallon ƙasan ya yi yawa.

Yanzu ne za a taɓa miks, ba kafin nan ba. Na farko, hau can sama ka gangaro tsaye totur a rufe ka saki sanda, yawancin jirage za su fara fita ta wajen saman kansu, ka haɗa totur da elabeta yadda in totur ya koma ƙasa elabeta zai sauka da kashi 1 zuwa 3. Na biyu bambancin elaron: wanda ya sauka ya fi wanda ya ɗaga jan iska, sai hanci ya kaɗa kishiyar inda kake mirginawa, mirginar ta zama kamar ana gangara ganga maimakon jirgi ya juya kan tsinke. Rage saukar kaɗan kaɗan ka bar ɗagawar yadda take, nan ne amfanin sarbo biyu a layi biyu.

Na uku shi ne na kaifin wuƙa, wato tafiya a kan gefe fiffike ɗaya sama ɗaya ƙasa roda na riƙe da hanci. Ka mirgina kwata, ka danna roda ta ɓangaren sama, ka ga me zai yi. In yana ja ta wajen ciki ko ta wajen kai, haɗa roda da elabeta. In yana son ƙarasa mirginawa ko komawa, haɗa roda da elaron. Fara da kashi 3 zuwa 5, kuma dama daban hagu daban don da wuya su zo ɗaya. In ka ga kana neman wuce kashi 10 to tsaya, matsalar CG ce, mai nauyin hanci yana ɗauke da tirim na sama sai ya ja ta kai, mai nauyin wutsiya kuma ya ja ta ciki.

To yanzu wasan kansa

Kafin kowace alkafura ka koyi layi. Ka tafi daga hagu zuwa dama a tsayi ɗaya, nisa ɗaya da kai, fiffike a kwance, ka juyo ka dawo a kan layin. Abin kamar ba komai amma wallahi ya fi alkafura wuya. A gasar duniya ta F3A da FAI, hukumar wasannin sama ta duniya, ke shiryawa, jiragen ba sa wuce mita 2 tsawo da faɗi, ana tashi kan layi kamar mita 150 gaban matuƙi, alƙalai na ba da maki daga 0 zuwa 10, kuma abin da suke cire maki a kai shi ne karkacewar layi da zoben da bai zagaye ba. In jirgi yana tahowa wajenka dama da hagu suna juyewa a ido, dabarar ita ce ka tura sanda ta ɓangaren fiffiken da ya sauka kamar kana tokare shi.

Alkafura: fuskanci iska, fiffike a kwance, totur duka, ja elabeta a hankali ka riƙe. Da ka kusa kaiwa sama ka ɗan sassauta ja don ya yi yawo a saman zoben, in ba haka ba zai fito kamar ƙwai. Hanci na fara kallon ƙasa ka rage totur, ka ƙara ja a ƙarshe ka fita a tsayin da ka shiga. Babban zobe ya fi ƙarami kyau kuma ya fi koyar da hannu.

Mirgine: ɗaga hanci kamar digiri 10 zuwa 15, saki elabeta ya koma tsakiya, wannan sakin shi ne sirrin, sannan elaron duka gefe ɗaya har ya dawo daidai. In ka bar yatsa na jan elabeta to da ya kai rigingine ƙasa kake jan shi. In wannan ya zauna sai mirgine mai jinkiri, wanda shi ne ke nuna gwani: kana mirginawa dama, a kwatan farko roda hagu, a rigingine tura elabeta gaba, a kwata na uku roda dama, duk suna shiga suna fita cikin juna babu tsalle. Ni sai da na yi damina guda a kansa.

Rigingine: elaron yana nan yadda yake, elabeta da roda ne suka juye. Abu ɗaya nake so ka haddace kamar karatun allo, in ka ruɗe kana rigingine kada ka ja sanda, mirgina shi ya dawo daidai. Ja shi ne abin da hannu zai so yi da kansa, kuma shi ne ke dasa jirgi a gonar mutane.

Daga nan sauran haɗe-haɗe ne. Rabin alkafura sama sai rabin mirgine, shi ne Immelmann, sunan wani matuƙin Jamus na yaƙin duniya na farko. Kishiyarsa rabin mirgine sai rabin alkafura ƙasa, wannan yana cin tsayi sosai, rage totur kafin ka ja. Takwas a kwance kuma ka yi alkafura har hanci ya gangaro a kusurwa 45 kana rigingine, ka mirgina rabi, ka sake ta ɗaya gefen. Wanda na fi so shi ne juyin tsaye: hau tsaye, rage totur zuwa kwata ba duka ba don roda yana buƙatar iskar farfela, jira har ya kusa tsayawa cak sannan roda duka, zai juya kan fiffikensa ya gangaro ta inda ya hau. In akwai iskar gefe ka juya ta inda take tahowa. Ka yi sauri ya zama babban lanƙwasa, ka yi jinkiri ya faɗo ta baya, lokacin ne kawai za ka yi ta nema. Sai juyin katantanwa: can sama, rufe totur kana jan elabeta har fiffike ya daina ɗaukar iska hanci ya faɗi, sannan elabeta duka da roda duka, zai gangaro yana juyi, fita kuma ka saki sandunan biyu, bar shi ya ɗan samu gudu, sannan ka ja a hankali. Wanda ya ja da wuri sai ya sake shiga wani juyin a ƙasa ƙasa.

Ratayewa a farfela da sauran wasan 3D ka bari sai duk waɗannan sun zauna, lokacin za ka buɗe babban mataki ka ɗan ƙara matsar da batir baya.

Batir, ƙura da launi

LiPo kowane gida volt 4.2 ne in ya cika, 3S kenan 12.6. Ka sa taima minti 5 a farko, in ka sauka ka auna, kowane gida ya zama wajen 3.7 zuwa 3.8, in ya fi haka ka ƙara rabin minti. Caji a 1C, wato 2200mAh a 2.2A, kullum da wayar balans, ƙaramar wayar da ke daidaita cajin gidajen, a haɗe. Caja irin IMAX B6 tana aiki da batirin mota ko na sola, don haka rashin wuta ba ya hana mu. Ni a cikin tukunyar ƙasa nake caji da yashi a gefe, a tsakar gida ba cikin ɗaki ba, kuma ba na barin wurin. Wanda ya kumbura ya gama aiki, kada ka ce bari in ƙara sau ɗaya. In ba za ka tashi cikin kwana biyu zuwa uku ba ka ajiye su a 3.8, a inuwa, ba a but ɗin mota ba.

Lokacin hunturu, Disamba zuwa Fabrairu, hazo yana haɗiye farin jirgi tun bai yi nisa ba, ka rasa sama yake kallo ko ƙasa. Ka yi wa saman fiffike ja ko ruwan lemo, ƙasan kuma manyan ratsi baƙaƙe, kuma ka matso da layinka kusa. Ƙurar tana shiga boris ɗin injin, in ka juya farfela da hannu ka ji ƙaiƙayi ka hure da iska ka ɗiga mai ɗigo ɗaya irin na keken ɗinki. Da damina kuma in ka ga gabas ta yi baƙi sauka kawai, iskar da ke gaban hadari tana zuwa ne lokaci guda. Shirwa takan biyo jirgi musamman in yana tafiya a hankali, ba da totur ka hau sama, ita ba ta iya bin hawa tsaye.

Kowace sauka, cire batir kafin ka kashe rimot, ka bi hinjis, wato mahaɗin faifai da fiffike ko wutsiya, ɗaya bayan ɗaya da ɗan ja, ka duba sukurorin injin don washa tana sa su saki, ka cire ƙaya da ƙarangiya daga taya, in ka yi tirim a sama ka murɗa sandar turawa ta ɗauke shi ka mayar da tirim ɗin rimot tsakiya, sannan ka rubuta a littafi kafin ka sa batir na gaba.